Funfuna a Ɗakin Tsoho

Ina goye a bayan Inna aka binne kakanmu, mahaifin Baba. Kowa a gidan Tsoho yake ce masa, mu ma da muka taso ba mu san shi ba haka muka ci gaba da kiransa. Abin da na sani nasa shi ne ɗakinsa. Yana can ƙuryar gida, bayan rumbuna, jikin dangar da ta raba mu da gonar gero. Ƙauyenmu a gefen Ɗambatta yake, inda gona ke manne da gona, da wuya ka ga filin da ba a noma ba. Ɗakin na ƙasa ne. Da jinka gare shi, daga baya yayana ya sauke ta ya buga tsohon kwano da ya rage daga wani gini. Tun da na yi wayo ƙofar a rufe take da kwaɗo, mukullin kuma yana cikin jakar Baba.

Tsoho manomi ne, kuma makaɗin gangar noma. Idan za a yi gayya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, shi ake aika wa. Ya rataya gangar ya bi bayan samari masu huɗa, yana kaɗa wa kowa takensa, har wanda ya gaji ya ji kunyar miƙe baya. A kan addinin iyayensa ya rayu, a kansa ya mutu. Duk farkon damina yakan yanka zakara ya shafa jinin a jikin gangar, ya zuba mata 'yar giya, sannan ya fita da ita. Baba a hannunsa ya koya. Tsofaffin ƙauyen sun ce kafin Baba ya yi aure, in ka ji kiɗan daga nesa ba ka iya rantsewa ko uban ne ko ɗan.

Sai Baba ya shiga Kiristanci yana saurayi. Masu wa'azin wancan zamani sun gaya musu duk abin da ya taɓa jini da giya a bar shi, shi kuwa ba mutum ne mai yin abu rabi da rabi ba. Ya ajiye sandunan kiɗa. Tsoho bai yi masa faɗa ba, bai kuma ƙara miƙa masa su ba. Ƙanwar Baba, Gwaggo, ta auri wani mai fataucin shanu a Ɗambatta, ta musulunta, daga baya ma ta je Makka. Gidan ya rabu hanya uku, amma tuwon salla na zuwa mana, namu na Kirsimeti na zuwa musu, Tsoho kuma yana cin duka biyun.

Da ya rasu, wasu dattawan majami'a suka ce a ƙona gangar. Aka tambayi Gwaggo, ta ce ita ba ruwanta. Baba ya kasa ƙona ta, ya kuma kasa kaɗa ta. Sai ya rataye ta a jikin bangon baya, ya tattara sauran kayan Tsoho cikin adakar ƙarfe, ya haɗa da nasa 'yan takardun don can ne hannun yara ba ya kaiwa, ya ja ƙofa.

A shekarun baya yakan buɗe ɗakin da rani ya share. Gara yake tsoro, kamar kowa a ƙauye. Yakan barbaɗa toka a gindin bango, da maganin gara ya shigo kasuwa kuma ya riƙa sayowa. Ina tuna shi yana fitowa da tsintsiya a hannu, ba ya magana da kowa har la'asar. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, ido kuma ya fara yin yana, sai zuwan ya yi ta ja baya har ya tsaya. Inna ba ta son ɗakin, yayana kuma noma da kiwo sun sha masa kai. Ba wanda ya zauna ya ce a bar ɗakin. An dai wayi gari an bar shi.

A shekarar da nake ba da labari an yi marka mai tsawo. Wanki ya wuni ya kwana a igiya bai bushe ba, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Katangu sun zube a gidaje da yawa. Ɗakin Tsoho bai faɗi ba, don haka muka ɗauka lafiya yake. Ba mu san ruwa na bin ramukan ƙusa na tsohon kwanon yana ɗiga ciki ba, bangon baya kuma yana shan wanda ke kwance a kunyoyin gona.

A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare a Ɗambatta, can nake da aure, amma nakan leƙo gida ƙarshen mako. Gero ya fara nuna, ruwa ya fara ɗaukewa, wata Asabar na tarar da sabon faston majami'armu a zaure tare da Baba. Mutumin wajen Shanono ne, shi ma jikan masu addinin gargajiya. Na gaishe su, na kawo ruwa, na zauna daga bakin ƙofa.

"Baba, an ce min akwai gangar noma a gidan nan," in ji faston.

Baba ya ce, "Akwai. A rufe take. Tun da na karɓi baftisma ban taɓa ta da niyyar kiɗa ba, kowa shaida ne."

"Ba tuhuma ta kawo ni ba, Baba, roƙo na zo. Ina so ranar godiyar amfanin gona a shigo da dammunan gero da kiɗan noma, irin namu. Yaranmu ba su taɓa ji ba."

"A cikin majami'a?"

"A cikinta."

"A da ba haka aka gaya mana ba."

"Na sani. Amma itace ne da fatar shanu. Wanda ya ba mu geron shi ya ba mu su."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bayan tafiyar faston ya zauna a zauren har yamma, yatsunsa na bugun gwiwarsa a hankali, shi kansa ina jin bai sani ba. Inna ta gani, ta yi min nuni da ido. Washegari bayan an taso daga sujada a majami'a ya ce, "Uwata, ɗauko min jakata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Rabon da in ji muryarsa da sauƙi haka na manta.

Kwaɗon ya yi tsatsa. Yayana ya ɗiga masa man gyaɗa, ya yi ta murɗawa, a ƙarshe sai da ya sa guduma. Ƙofar ta kumbura ta cije, ya sa kafaɗa ya tura.

Warin ne ya fara tarar mu. Wari ne mai sanyi, mai nauyi, kamar na tuwon da aka manta a rufe, ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar fata. Na ja gyalena na toshe hanci. Da idona ya saba da duhun, sai na ga bangon ya yi baƙi har tsayin ƙirji. Tabarmar Tsoho ta zama ɗaya da ƙasa. A gindin bango laimar kwaɗi ta fito jere. Gangar tana nan inda aka rataye ta, amma funfuna ta lulluɓe ta gaba ɗaya, fara sol kamar an yaɓa mata auduga, wani wurin koriya, wani wurin baƙa. Igiyoyin fatar da suka ɗaure bakinta sun yi gashi-gashi.

Baba yana bayana, hannunsa a kafaɗata. Ba ya gani sosai a duhu.

"Uwata, me kike gani?"

Bai jira amsa ba. Ya sake ni ya laluba bango da kansa, don ƙafarsa ta san wurin. Ya ɗora tafin hannunsa a fuskar gangar, irin yadda ake dafa bayan saniya. Bai danna ba, na gani da idona. Fatar ta lotsa, ta rabe, hannunsa ya shige ciki har wuyan hannu. Wata ƙura mai launin toka ta tashi ta cika ɗakin.

Sannan ya zaro hannun ya kawo shi kusa da fuskarsa yana dubawa. Ya ce wa yayana, "Fito da ita waje."

Da yayana ya kama maratayin, sai ya tsinke a hannunsa. Rungumar ta ya yi ya fito da ita tsakar gida, rigarsa duk ta yi fari. Muka jawo adakar ma. Gindinta ya huje da tsatsa. A sama akwai warkin Tsoho, wanda yake ɗaurawa in zai shiga gona, ya dunƙule ya yi furfura. Ƙarƙashinsa gwado ne baƙi na saƙi, a ninke. A can ƙasa kuma takardu: katin baftismar Baba, takardar aurensu da Inna, da wasu da ban iya tantancewa ba. Duk sun manne da juna sun zama curi ɗaya, tawadar ta bazu, ɗigo-ɗigon baƙi da ja sun cinye rubutun. Na gwada raba biyu, sai gefen ya biyo yatsana kamar jiƙaƙƙen gari.

A tsakiyarsu hoton yake. Shi kaɗai ne hoton Tsoho a duniya. Duk rayuwarsa ya ƙi tsayawa gaban mai hoto, sai wata ranar kasuwa a Ɗambatta mijin Gwaggo ya lallaɓa shi, ya ara masa babbar riga, aka ɗauka. Na taɓa ganin hoton sau ɗaya ina ƙarama, ban riƙe kamannin ba. Yanzu funfuna ta yi masa saƙar gizo, ta fi yawa a sama, daidai kai.

Inna ce ta karɓa. Duk da ba ta son ɗakin, Tsoho ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, takan faɗa. Ta ce, "Bari in goge masa fuska, Maigida ya samu ya gani." Ta tsoma bakin zanenta a ruwan randa, ta matse, ta shafa a hankali sau ɗaya. Da ta ɗaga, fuskar ta biyo zanen. Inda kan yake sai farar takarda. Rigar tana nan, hannuwansa a kan gwiwa suna nan, har yatsun ƙafarsa a cikin takalmin taya, amma daga wuya zuwa hula babu komai.

Inna ta dubi bakin zanenta, ta ga ɗan shafen toka-toka a jiki. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Mene ne?" in ji Baba.

"Na kashe maka shi, Maigida. Na goge shi."

Baba ya karɓi hoton ya kai shi dab da idonsa, ya juya shi wajen haske. Ya ce, "Tashi. Ba ke ba ce. Ya riga ya tafi tun a cikin adaka." Amma ita zanen nan ba ta ƙara ɗaura shi ba, ba ta kuma wanke shi ba. Ninke shi ta yi ta sa a ƙasan kayanta.

Da yamma na kira wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare, tana aiki a Kano a wani wuri da ake adana tsofaffin littattafan hannu. Kafin in gama bayani ta katse ni. "Kada ku sa wa komai ruwa. Kada ku baza a rana mai zafi kuma. Ku shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, in ya bushe a kakkaɓe da abu mai laushi. Kowa ya rufe hanci." Na ce mata an riga an sa wa hoton ruwa. Ta ce Allah ya ba mu haƙuri. Ta bayyana min cewa funfuna abu ne mai rai, ci take yi; tana cin fata, tana cin zare, tana cin ɗan abin da aka shafe fuskar hoto da shi, maganin gara kuma ba ya yi mata komai. Danshi da rufi take so. Ta ce da ana buɗe ƙofar lokaci-lokaci iska na shiga, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Wannan maganar ta ƙarshe ban kai wa Baba ita ba.

A cikin makon tari ya kama shi, ƙirjinsa ya riƙa shaƙewa. Muka kai shi asibiti a Ɗambatta, likita ya ce ƙurar da ya shaƙa ce, ga kuma tsufa. Da aka sallame shi Gwaggo ta ce ba inda zai je, a gidanta zai yi jinya tunda kusa ne. Can ya gaya mata abin da ya faru, ina zaune ina dama masa koko. Ta saurara. Sai da ya gama ta ce, "Yaya, gwadon Iya fa?" Iya ita ce mahaifiyarsu.

"Yana nan. Ban san abin da ya rage nasa ba."

Ranar da muka mai da Baba gida ta biyo mu, ita da ta ce ba ruwanta da kayan ɗakin. Gwadon yana shanye a rumfa. Ta sa hannu biyu ta ɗaga, sai ya rabu a duk inda ninki ya bi, ya zube filla-filla. Ta durƙusa tana tattarawa. Ta ce audugar daga gonarsu aka tsinko, ita ta gurza tana yarinya, Iya ta kaɗa zaren a tsawon rani guda, aka kai wa masaƙi, aka kai marina. Ta ce da shi Iya ke rufa su in ana sanyi, su biyu. Ta kai wani yanki hancinta ta shinshina, ta daɗe, sannan ta ce, "Ba ƙamshinta. Warin danshi ne kawai." Nan ta fashe da kuka, Hajiya guda mai jikoki, Inna na riƙe da ita.

Bayan ta natsu aka ba ta hoton. Suka zauna a tabarma ita da Baba, kai da kai, suna ƙoƙarin mai da abin da ya ɓace da baki. Sun yarda a kan tsagen kumatunsa, sun yarda yana da wushirya. Sai aka zo kan wani tabo da ƙahon bijimi ya taɓa yi masa.

"A girar hagu yake," in ji Baba.

"Haba Yaya, dama dai. Ni ce fa mai kai masa ruwan wanke fuska."

"Ni kuma ina wurin lokacin da bijimin ya tunkuye shi. Hagu."

"Wallahi dama ce."

Suka yi ta ja kamar yara, har abin ya ba su dariya. Gwaggo ta ce bari a tambayi wane, Baba ya ce ya rasu bara. Ta ambaci wata tsohuwa, Inna ta ce ai an yi sadakarta tun kafin damina. Suka lissafa sa'o'in Tsoho ɗaya bayan ɗaya, ba su sami mai rai ba. Dariyar ta tsaya. Gwaggo ta kife hoton a cinyarta.

Yayana bai fid da rai da gangar ba. Ya ce fata ai sai a sake, shanu ba su ƙare ba. Ya ɗauko wani masassaƙi daga wajen Minjibir a bayan babur. Mutumin ya ƙwanƙwasa kangon, wato jikin itacen, ya kara kunne. Ya danna farcensa a ciki, itacen ya marmashe kamar dambu.

"Baba, ku yi haƙuri. Ta ruɓe daga ciki. Ko an ja mata sabuwar fata, bugun farko za ta dare."

Yayana ya tambaye shi ko zai sassaƙa wata kamarta. Ya ce itace mai kaurin nan ba a samunsa a nan kuma. 'Yan manyan da suka rage a gonaki, gawo ne da ɗorawa da tsamiya, kowanne da mai shi, ba mai yarda a sare. Sai dai a aika nesa. Baba ya ce a bar maganar.

Ranar godiya ta zo. Majami'a ta cika, dammunan gero da buhunan gyaɗa da kabewa jibge a gaba. Faston bai so ya bar Baba haka ba, ya aro masa ganga daga wajen zumuntar mata, ƙarama, irin wadda suke kaɗawa in suna waƙa. Baba ya sa farar rigarsa. Yayana ya kama shi ya kai shi gaba, ya rataya masa.

Sai ya kama taken da Tsoho ke buɗe gayya da shi. Wasu dattawa a baya suka miƙe tsaye ba su san sun miƙe ba, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ga bayan Baba ya miƙe. Amma bai yi nisa ba ya tsaya, ya sauke sandunan, ya cire maratayin da kansa. Matasa suka yi ta tafa masa, murna ta cika su, wasu na ɗauka da waya. A wurinsu sun ji gangar noma.

A hanyar gida na ce masa, "Baba, ashe hannu bai manta ba."

Ya ce, "Hannu yana nan, Uwata. Muryar ce babu. Waccan in an buga ta, a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Wannan da suka ji ba ita ba ce, kuma ba ni da yadda zan nuna musu."

Gwaggo ta tafi da yankin gwadon da ya fi lafiya, bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Hoton yana wurina a cikin ambulan, da abin da ya ɓantaru na takardun; a katin baftismar ana iya karanta rabin sunan Baba. Warkin bai gyaru ba.

Da rani ya shigo sosai, yayana ya ce bangon bayan ɗakin ya yi ciki, yana tsoron ya faɗa wa awaki. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa wa Baba. Baba ya ce a rushe. A wurinmu ƙasar tsohon bango taki ce, ba a zubar da ita, don haka aka yi ta lodawa a amalanke ana kaiwa gonar da za a shuka dawa. Da aka zo kan kangon gangar, wanda tuni ya rabe biyu a rumfa, yayana ya tsaya yana kallon Baba.

"Haɗa da shi," in ji Baba.

Ya ɗauki sandarsa ya bi amalanken a ƙafa, ni ina gefensa. A gonar ya hana a jibge ƙasar wuri ɗaya, ya ce in ta yi yawa a gindi ɗaya tana ƙona shuka. Ya tsaya har aka gama bazawa, sannan ya ce in kama hannunsa mu koma, rana ta yi zafi.